Cakulan a Durowar Gefen Gado

"Ka sake kawowa?" ta ce, ko kai ba ta ɗago daga filo ba.

Mijinta ya tsaya a bakin ƙofa da ledar cakulan a hannu, makullin motar makarantar da yake tuƙawa na rataye a yatsansa. Tun da ta yi ɓari, kullum haka yake shigo mata da la'asar. Ita kuwa kekenta na ɗinki har ya yi ƙura, masu kaya sun gaji da bugo waya.

"Mai kemis ya ce yana sanyaya rai, abar ƙaunata. Wai idan mutum ya ci..."

"Mai kemis ya taɓa yin ɓari?"



Ta janyo durowar gefen gado. Cike take fal da cakulan, wasu sun narke sun manne da takardarsu.

"Duba. Ni ba yarinyar goye ba ce da za a toshe wa baki da zaƙi. Innarka ta zo ɗazu, ta ce kukan ya isa haka, wani na tafe. Yayata ta ce in tashi in yi kwalliya. Kowa da maganinsa. Kai kuma ko sau ɗaya ba ka ce mini ka ji zafi ba... kamar ni kaɗai na yi rashi."

Ya zauna a ƙasa, ya jingina da gadon, ya ba ta baya.

"Da safe ina kwasar 'ya'yan mutane," ya ce a hankali. "Akwai wata 'yar mitsitsiya, jakarta ta fi ta girma, sai na ɗaga ta nake sa ta a mota. In na sauke su, sai in faka a bayan makaranta in kifa kai a sitiyari. Ban san me zan ce miki ba. In na buɗe baki a gabanki, wa zai rarrashi wani?"

Kafaɗunsa suka fara rawa.

Ta daɗe tana kallon ƙeyarsa. Sai yanzu ta lura wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta sauko ta zauna kusa da shi, ta ɓare cakulan guda ɗaya ta raba biyu. Zaƙin ya narke a harshenta. Bai ɗauke komai ba, sai dai ta ji tana son ruwa.

"Mai kemis ɗinka ya zuzuta," ta ce tana share hanci. "Amma ba laifi."

Ya yi dariya da hawaye a fuska.

Ta kwantar da kai a kafaɗarsa. "Mace ce, ka sani. Likita ta gaya mini, na kasa faɗa maka."

Ya riƙe hannunta gam.

"Da wane suna za mu sa mata?" ya tambaya.

Ta raɗa masa sunan a kunne.