Saki Daga Mombasa

"Ka ɗauki sirrin gidanmu ka kai wa mutanen da suka wulaƙanta mu, Izzuddeen, kuma har kana da bakin ce min masoyiya?"

Da wannan na tare shi a zauren gidanmu a Gwaram, ranar wata Asabar da hantsi, saura sati biyar a ɗaura mana aure. Ya taso tun daga Birnin Kudu a kan babur, ko ruwa ban ba shi ba.

"Na'ima, ki tsaya ki ji ni..."

"In ji me? Ba kai ka faɗa musu ba?"

"Ni ne."

Ya sunkuyar da kai. Da ma ya yi musu, da na samu inda zan sauke abin da ke cina.

Izzuddeen ma'aikaci ne a wani kamfanin Indiyawa da ke sayen riɗi da zoɓo a Birnin Kudu, shi ke duba kyan kaya kafin a ɗora a sikeli. Ni kuwa jikar Ba'indiye ce, abin da ba a ambata a gidanmu ko da wasa.

Kakata Inna Kulu 'yar Fagam ce. Tana budurwa wani saurayi Ba'indiye Musulmi, Isma'il, yake zuwa kasuwar Sara daga Kano da yadi, ya koma da fatu. Danginsa fatake ne tun kaka da kakanni. Daga Gujarat suka tsallaka teku a jirgin ruwa zuwa Zanzibar, daga nan suka riƙa dasa 'ya'yansu gari gari: wannan a Mombasa, wancan a Dubai, wani a Legas, shi kuma a Kano. Ba sa amince wa bare da dukiya, ba sa kuma aure sai a junansu, don kada zaren ya tsinke. Isma'il ya karya wannan doka, ya auri Inna Kulu a gaban limamin Fagam. Babana Jafaru yana wata bakwai a duniya wasiƙa ta zo daga manyansu: ya tafi Mombasa ya riƙe kantin kawunsa. Ya ce wata uku zai yi. Shekara arba'in da takwas ke nan.

Babana ya tashi da farar fata da gashi mai santsi, yara suna binsa da waƙar ɗan Indiya ba uba. Har yau hularsa ba ta barin kansa.

To, a ofishin manajansu Arif, Izzuddeen ya ga hoton wani tsoho a bango. Ya ce yana ɗaga ido sai ya ga fuskar Babana sak. Ya tambaya, Arif ya ce kakansa ne, yana raye a Mombasa, ya haura tamanin, kuma ya taɓa zama a Kano. Shi ke nan bakin Izzuddeen ya kasa riƙe magana. Kwana uku bayan haka Arif ya aiko gidanmu cewa tsohon yana kuka, yana roƙon a haɗa shi da ɗansa ta waya.

"Wallahi alheri na nufa, abar ƙaunata," in ji Izzuddeen. "Na ga mutum da ubansa a raye..."

"Wa ya aike ka? Ko girma aka ce za a ƙara maka?"

Na ga maganar ta soke shi, na kuma ji daɗin hakan. Ya miƙe, ya ce Allah ya huci zuciyata, ya tafi.

Fushina wasa ne a kan na Baba. Da la'asar ya sa aka fito da akwatunan lefe tsakar gida, ya ce gobe a mayar Birnin Kudu. Ya ce yaron da tun bai shigo gida ba ya fara tallan asirin gidan, in ya shigo sai ya sayar da mu da kwanon awo. Ya rantse in Ba'indiyen nan Arif ya taka ƙofarsa sai an kwashe shi a kwance.

Na shiga ɗaki na rufe. Ina jin haushin Izzuddeen, ina jin haushin Baba, ina jin haushin wani tsoho da ban taɓa gani ba, wanda daga bakin teku ya miƙo hannu zai rushe min aure kamar yadda ya rushe na kakata. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne har lokacin ina duba waya ko Izzuddeen ya kira.

Duk wannan Inna Kulu tana zaune a ƙofar ɗakinta tana ɓarar gyaɗa. Sai da safe, da aka zo ɗaukar akwatunan, ta ɗaga murya.

"Jafaru, ajiye kayan nan. Ka aika a kira min yaron, ya zo da Ba'indiyen nasa."

"Inna, mutumin da ya..."

"Kai ya bari ko ni? Na riga ka shiga wannan wutar. Aika."

Washegari da azahar suka iso. Arif dogo ne, ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa ya gai da Inna Kulu da gurguwar Hausarsa. Baba ya tsaya daga nesa ya harɗe hannu, ko kallonsa bai yi ba, alhali ɗan ɗan'uwansa ne. Izzuddeen ya raɓe a bakin ƙofa. Na kau da kai.

Aka kira Mombasa ta bidiyo, aka miƙa min wayar in riƙe mata. Wani tsoho ya bayyana a kan kujera, bargo a cinyarsa. Hancin Baba, goshin Baba.

"Kulu..." Muryarsa ta karye. Hausar da ta rage masa kaɗan ce, Arif na cike masa. Ya ce an ɗaura masa aure da 'yar kawunsa sati biyu da isarsa, aka ce in ya koma Kano babu shi babu dangi, babu kanti daga Mombasa har Dubai da zai buɗe masa ƙofa. Ya ji tsoro. Ya ce zai aiko da kuɗi, zai gina mata gida, zai sa sunan Jafaru cikin magadansa.

Inna Kulu ta bar shi har ya gama.

"Ka gama? To ni ba gida na kira ka ba ni ba. Sau uku mahaifina yana cewa mu je gaban alƙali a raba auren nan, ina ƙi. Mutane suka ce son ka ne ya haukata ni. Da farko shi ne. Daga baya kuwa rantsuwa na yi, bakin da ya ce ya karɓe ni a gaban mutanen Fagam, shi zai ce ya sake ni. Ba zan tashi gaban Allah ina matar matsoraci ba. Sake ni, Isma'ila."

Tsohon ya rufe fuska da hannu, kafaɗunsa na girgiza. Arif ya fara magana, ta ɗaga masa yatsa ya yi shiru.

"Na sake ki, Kulu," in ji tsohon da ƙyar. "Ki yafe ni."

"Alhamdu lillahi. Yafiya kuma sai na yi tunani. Ga ɗanka can, in ya ga dama."

Na juya wayar wajen Baba. Ya daɗe yana kallon fuskar, muƙamuƙinsa na motsi. Sannan ya juya ya shige ɗakinsa. Har yau bai yi magana da shi ba, ban kuma san ko zai yi ba.

Inna Kulu ta bi bayansa da murya, ta ce lefe ba inda za shi. Ta ce yaron nan ya yi katsalandan, gaskiya ne, amma katsalandan ɗinsa ya kwance mata igiyar da ta shaƙe ta tun tana da ƙuruciya, kuma ba za a rataye jikarta don laifin wani tsoho ba.

A zaure na iske Izzuddeen yana ɗaura takalmi. Zuciyata ba ta gama sauka ba, na kuma gaya masa haka. Na ce in ya ƙara kai maganar gidanmu waje ba da sanina ba, ko da alheri ce, ba zan jira shekara ɗaya ba balle arba'in da takwas.

"Na ji, ranki ya daɗe. Na yi kuskure."

"Ka yi. Zauna in kawo maka ruwa."

Ranar ɗaurin aurenmu Inna Kulu ta sa aka yi mata lalle har gwiwar hannu, ta fito tsakiyar mata tana taka rawa. Wata ƙawarta ta ce, Kulu, ke da ko iddarki ba ki gama ba? Ta ce a bar ta, wannan ne bikin farko da ta zo ba a matsayin matar kowa ba.