Farar Ƙafa a Filin Kwando

Ƙwallon ta bugi bakin kwando, ta yi rawa kamar za ta shiga, sai ta fasa ta faɗo waje.

"Innalillahi! Ya sake zubarwa!"

Auta ta runtse ido. Ba sai ta buɗe ba, ta san rabin mutanen da ke zauren wasa na kwalejin sun bar kallon fili sun juyo kanta.

"Ga ta can a layi na uku," wani ya faɗa daga baya, ko rage murya bai yi ba. "Wallahi muddin yarinyar nan tana zaune, ko kwandon wanki aka ajiye masa a ƙasa ba zai jefa ba!"

Aka kwashe da dariya, irin wadda ta fi zagi ciwo.

A tsakiyar fili Bahago yana tsaye, hannu a ƙugu, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Ya ɗago ya nemo fuskarta cikin jama'a kamar yadda ya saba, ya yi mata wani guntun murmushi na ban haƙuri. Kafin ya mai da hankalinsa wuri ɗaya, abokan hamayya sun wuce shi sun ci. Alƙalin wasa ya busa usur ɗin tashi, aka sake cinye su a gida.

Kwalejin ƙarama ce, ba ta da abin tinƙaho a duniya sai wannan ƙungiya ta ƙwallon kwando. Rufin zauren yana yoyo, allon maki sai an buge shi yake kawo wuta, amma ranar wasa har mai gadi da mai shagon kwafin takardu sai sun rufe sun zo. Kuma kowannensu koci ne. Wanda ko matakala ba ya iya hawa ba tare da haki ba, shi zai gaya maka yadda ya kamata a yi tsalle.

Bahago ne ɗan lelensu. Da hagu yake jifa, daga nan ya samo sunan, kuma shekarar da ya zo ita ce ta farko da ƙungiyar ta san daɗin nasara. Sai ya gurɗe yatsa, aka kai shi asibitin kwaleji, ya tarar da Auta, wata ɗalibar aikin jinya mai yawan tsiwa, tana naɗe masa bandeji tana yi masa faɗa. Yatsa ya warke, shi kuwa bai daina zuwa asibiti ba.

Daga nan hannunsa ya fara kuskure. Mutane kuwa ba sa zama da abin da ba su san dalilinsa ba, sai sun nemo wanda za su ɗora wa.

Kafin Auta ta kai gida wayarta ta cika. A guruf ɗin magoya baya, Sakatariyar ƙungiya ta jero hotunan wasannin da aka cinye su, a kowanne ta zagaye fuskar Auta da jan layi. A ƙasa ta rubuta: "Ni dai ban ce komai ba..."

Ai kuwa ta ce komai. Kowa ya san ita ce ke kai wa Bahago ruwan sanyi a benci tun kafin a san da wata Auta, har kwalba ta musamman ta saya masa.

"Farar ƙafa ce da ita, ba wani abu ba."

"Da can in aka yi masa ƙeta aka ba shi jifa, ko kallo ba na yi, na san ta shiga. Yanzu addu'a nake."

"Ku daina zargin yarinya, masu tsaron bayanmu ne ba su da ƙafa."

"Kai rufa mana baki, ƙanwarka ce?"

"Koci ya ajiye shi a benci kawai!"

Ta kife wayar a kan katifa, hawaye na bin kuncinta.

Ƙofa ta buɗe ba sallama. Yayanta ne, wanda duk kwaleji ke kira Mai Ganga. Ya gama karatu tun tuni, yana da shagon gyaran waya, amma har yau shi ne shugaban magoya baya, gangarsa ma tana rataye a kafaɗa.

"Ke Auta! Kin ga abin da kika jawo min? Yau ni ake yi wa ihu a zauren da na fi kowa daɗewa a cikinsa!"

"Yaya, ni na riƙe masa hannu?"

"Ban sani ba! Ni dai na san kafin ki fara zuwa lafiya muke."

"Har da kai, Yaya?"

Ya kau da kai. Mama ta leƙo daga falo da carbinta a hannu.

"Ni dama ban ga abin so ba a wurin ƙaton da ya girma yana yawo da gajeren wando yana bin ƙwallo. Ga shi tun ba a je ko'ina ba an liƙa miki suna. Sunan nan in ya kama mace, Auta, har gidan miji yake bin ta. Ki rabu da shi tun da sauran mutuncinki."

"Mama, ina son shi..."

"So! Allah ya shirye ki."

Washegari da hantsi ta haɗu da Bahago a bayan ɗakin karatu, inda suka saba zama a kan wani dogon benci. Idanunsa sun yi ja, da gani bai samu barci ba.

"Autata..."

"Na ga abin da suka rubuta."

"Ki rabu da su, hasken idona. 'Yan kallo ne, yau su ɗaga ka sama, gobe su taka ka."

"To me yake damun hannunka?"

Ya murza yatsunsa.

"Idan kina wurin, so nake in burge ki. Sai in ji ƙwallon ta yi min nauyi. Ba laifinki ba ne, wallahi nawa ne." Ya kalle ta. "Koci ya ce in na sake yin irin na jiya, benci zan koma. Kuma masu neman 'yan wasa daga babbar ƙungiya za su zo kafin a rufe gasa. Ke kin san ba ni da wata hanya sai wannan."

Ita ce ta faɗa da bakinta, kuma wannan ne abin da ya fi ci mata rai daga baya.

"To bari in ƙi zuwa wasa na gaba. Idan aka cinye ku ba na nan, bakin kowa ya mutu."

"Za ki iya, rabin raina?"

"Saboda kai? Har abin da ya fi haka."

Ranar wasan ta zauna a ɗaki tana bin guruf, zuciyarta ta rabu biyu. Tana son ya ci, tana kuma tsoron ya ci. Allah ya gani, ba ta san wace addu'a za ta yi ba.

Ya ci. Duk inda ya tsaya ya jefa sai ta shiga.

"Bahagonmu ya dawo!"

"Ba mun faɗa ba?"

Sakatariya ta ɗauki hoton kujerar Auta babu kowa a kai, ta rubuta: "Gwarzon wasan yau."

Da yamma ya kira ta, cike da murna.

"Kin ga abin da na yi, Autata? Kin gani?"

"Ban gani ba. Ai ba na nan."

Ya yi dariya, bai ji abin da ke ƙarƙashin maganar ba.

"Dace ne kawai. Amma... ko za ki ƙara haƙuri da na mako mai zuwa? Don dai a bar ƙura ta lafa."

Ƙura ba ta lafa ba, sai ma shinge da ya riƙa matsowa. Da farko wasa ne kawai ba za ta zo ba. Sai ya zama ranar wasa ba za su yi waya ba, wai don ya tara hankalinsa. Sai ya zama tun jajibiri. Wata rana ta hango shi da kayan atisaye a hanyar zaure, ta ɗaga masa hannu, ta ga ya yi kamar bai gan ta ba ya canza hanya. Mutumin da ya taɓa tsayuwa cikin ruwan sama yana jiran ta fito daga aji!

Su Bahago suna ta ci, ita tana ta ramewa. A gida Mai Ganga ya koma yi mata fara'a har da tsaraba, kamar wadda ta yi wa ƙasa hidima.

Da aka kai wasan kusa da na ƙarshe, ta yanke shawara. Ta ari doguwar rigar ƙawarta, ta sa takunkumin asibiti ta rufe hanci da baki, ta shiga cikin magoya bayan baƙi ta zauna can sama, kusa da inda rufi ke yoyo. Idan Bahago ya zubar, to ita ma za ta yarda, ta tattara ta bar masa rayuwarsa. Idan kuwa ya ci tana zaune, ai magana ta ƙare.

Ba ta taɓa ganin ya yi wasa irin na ranar ba. Yana ratsa masu tsaro kamar ba sa wurin, yana jifa daga nesa, yana ƙwace ƙwallo a sama. Ana dab da tashi aka yi masa ƙeta, aka ba shi jifa shi kaɗai a kan layi. Zaure ya yi tsit. Ya buga ƙwallon a ƙasa, ya ɗago.

Bai nemi kowa a cikin jama'a ba. Ya jefa, ta shige ko ƙarfen bakin kwandon ba ta taɓa ba.

Auta ta fashe da kuka a cikin takunkumi, kukan daɗi. Ashe ƙarya ne! Ashe ƙafarta kamar ta kowa ce!

Ta jira shi a bayan zaure, wajen famfon da 'yan wasa ke wanke fuska. Ya fito shi kaɗai da tawul a wuya, ya ba ta baya yana danna waya. Tata ta fara ruri a jaka, ta ɗaga.

"Autata! Mun kai wasan ƙarshe! Na gode, na gode da kika zauna a gida, wallahi ke ce..."

"Juyo."

Ya juyo. Ta sauke takunkumin tana murmushi, tana jiran ya yi ihu, ya yi dariya, ya ce ashe shirme muke yi.

Fuskarsa ta canza. Tsoro ne ƙarara a idonsa.

"Tun yaushe kike nan?"

"Tun kafin a fara. Duk abin da ka jefa a gabana ka jefa shi. Ka gani? Babu wata farar ƙafa!"

"Wa ya gan ki?"

"Me ka ce?"

"Na ce wa ya gan ki? Haba Auta! Da wani abu ya faru fa? Kin san abin da kika so ki jawo min?"

"Amma ai kun ci..."

"Allah ne ya rufa asiri!" Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Saura wasa ɗaya. Mutanen nan za su zo kallona. Don girman Allah ki yi min alkawari ba za ki zo ba."

Ta tsaya tana kallonsa. Wato ya ga gaskiya da idonsa, ya zaɓi maganar guruf. Wani abu ya mutu a ƙirjinta a wurin, shiru, ko zafi bai yi ba.

"Ba zan zo ba."

Ya sauke ajiyar zuciya.

"Yawwa masoyiyata. Na san za ki fahimta."

A wasan ƙarshe aka yi musu dukan kawo wuƙa. Hannun Bahago ya ƙi, ƙafarsa ta ƙi, masu neman 'yan wasa suka tashi tun kafin a busa usur ɗin tashi. Auta tana asibiti a lokacin tana wanke wa wani tsoho ciwo, ko wayarta ba ta kunna ba.

Rashin zuwanta bai hana komai ba. Sakatariya ta samo wani hoto na wancan wasan, ta zagaye wata mai takunkumi can sama da jan layi.

"Ashe ta zo a ɓoye! Shi ya sa!"

"Abin nata sai ya kwana biyu yake kamawa."

Bahago yana cikin guruf ɗin. Bai rubuta ko kalma ɗaya ba.

Bayan 'yan kwanaki ya zo ƙofar gidansu da la'asar. Ya rame, ya tara gemu, tsayin nan nasa duk ya rusuna. Mai Ganga ya wuce shi ko gaisuwa babu, don 'yan kallo ba su da ɗan lele sai mai ci. Auta ta fito ta tsaya daga bakin ƙofa.

"Autata, na yi kuskure. Kowa ya gudu, kowa. Koci ma ba ya ɗaga wayata. Na gane ke kaɗai ce kike sona don ni. Ki yafe min, mu koma yadda muke..."

Hawaye ya cika mata ido. Har yanzu tana son shi, wannan ne abin takaicin. Da zai yiwu ta ciro son ta ajiye masa a nan ya tafi da abinsa, da ta yi.

"Na yafe maka. Amma tambaya ɗaya zan yi, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah."

"Ko guda nawa ne, rabin raina."

"Da kun ci wasan nan, da mutanen nan sun ɗauke ka... da ka zo ƙofar nan yau?"

Ya buɗe baki. Ya rufe. Ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa.

Ta jira. Wallahi ta jira, ko ƙarya ce ya yi mata da ta karɓa.

Bai iya ba.

"Allah ya ba ka sa'a a gaba," ta ce a hankali, ta koma ciki ta tura ƙofa.