Gammon Kaka Aisa

Ranar Laraba, bakwai ga watan Mayu, da ƙarfe biyar na yamma, wata yarinya ta fito daga gidan kakarta a unguwar Birni, cikin Damagaram. Shekarunta tara. Daga Takieta suka zo ita da mahaifiyarta, domin Allah ya yi wa Kaka Aisa rasuwa ranar Juma'a.

Kowa ya san Kaka Aisa a unguwar. Ita ce mai raka masu naƙuda likita. Ita ce mai dama wa marasa lafiya kunu. A ƙofar gidanta kuma akwai randuna uku a gindin bishiyar bedi, da moɗa a kan kowace. Duk mai wucewa yakan sha, ya yi addu'a, ya tafi.

Yarinyar tana tafe tana kewar kakarta. Sai ta ga wani abu rataye a ƙusa, a jikin ƙofar wata maƙwabciya mai suna Sakina. Gammo ne, irin wanda ake ɗorawa a ka don ɗaukar tulu. Da tsohon zane shuɗi aka naɗa shi. Ta gane zanen nan take. Da shi Kaka ta goya ta.

"Me ya kawo gammon Kaka nan?" in ji ta a ranta. "Tun ba a yi bakwai ba har an fara kwashe mata kaya?"

Ba ta tambayi kowa ba. Ta yi ɗage, ta cire gammon, ta cusa cikin hijabinta. Da ta koma gida ta ɓoye shi a jakarta ta lakwal, wato makaranta. Har yanzu yana ƙanshin turaren Kaka.

Washegari aka wayi gari randuna babu ruwa. Famfon gidan bai kawo ba, ruwan da aka saya kuwa masu ta'aziyya sun shanye. Rana ta take. Mutane suna zuwa, su buɗe randa, su leƙa, su rufe.

Can sai hayaniya ta tashi a gindin bedi. Sakina ce da wata maƙwabciyar, Munira, suna gardama a kan ruwan randuna.

"Yau ranarki ce, Sakina! Da hannuna na rataya miki shi jiya."

"A wace ƙofar? Ni dai ƙusa na gani tsirara."

"To, aljanu ne suka ɗauka?"

"Ke za a tambaya. Wataƙila barci ya kwashe ki, a mafarki kika rataya."

"Ni? Shekara nawa ina wannan aiki, kin taɓa jin na yi fashi?"

Yarinyar tana tsaye a zaure tana kallonsu. Ba ta gane komai ba. Me aka rataya? Me ya haɗa ƙusa da ruwa? Ta ce a ranta, manya ma suna faɗan da ba shi da kai.

Ranar Juma'a aka yi sadakar bakwai. Randuna suna nan a bushe, domin kowane gida yana jiran a ce ranarsa ce. Wajen azahar wani tsoho ya tsayar da amalankensa. Sunansa Mai Nasara, daga Gaffati yake kawo itace. Ya sauko da ƙyar, ya buɗe randa ta farko, da ta biyu, da ta uku. Sai ya zauna a ƙasa, ya jingina da bedi, idanunsa suka lumshe.

"A kawo ruwa!" in ji Munira. "Baba zai some!"

Mahaifiyar yarinyar ta fito da gudu da ɗan ruwan da ya rage a buta. Tsohon ya sha, aka yayyafa masa saura a fuska. Da ya dawo hayyacinsa ya dubi randunan.

"Ban taɓa ɗauko gora daga gida ba," in ji shi, "don na san Aisa tana nan. Ashe ruwan ma ya bi ta."

Wani dattijo daga cikin masu zaman makoki ya girgiza kai. "Idan mata ba za su iya ba, gara a shigar da randunan cikin gida. Randar da babu ruwa yaudarar matafiyi ce. Gobe a kwashe su."

Mahaifiyar ta koma ɗaki tana share hawaye. Yarinyar ta bi ta.

"Inna, me ya sa ba a zuba ruwan? Da Kaka ce kaɗai take zubawa?"

"Da fari ita kaɗai ce," in ji mahaifiyar. "Da ƙarfinta ya ragu, sai matan unguwa suka ce za su taya ta. Kowane gida ya kafa ƙusa a ƙofa. Gidan da aka rataya wa alama da yamma, shi zai cika randuna da safe, sannan ya kai alamar gaba."

"Me ya sa ba a bi gida-gida a jere ba? Ai da kowa ya san ranarsa."

"Kakarki ta hana. Ta ce a tsallake gidan da ake jinya, da gidan mai jego, da gidan da ba su da halin sayen ruwa a ranar. Kada a kunyata kowa. Saboda haka babu mai sanin ranarsa sai ya ga alama."

Yarinyar ta matso kusa. "Inna, mece ce alamar?"

"Gammonta ne, shuɗin nan. Ga shi ya ɓata."

Yarinyar ta dubi jakarta. Kanta ya ɗaure ƙwarai. Ita don son Kaka ta ɗauka. Ta yaya son Kaka zai kashe aikin Kaka? Idan ta mayar, ba ta da sauran abin tunawa da ita. Idan ta riƙe, gobe za a kwashe randuna.

Ta buɗe jaka a hankali, ta fito da gammon.

"Ni na cire shi, Inna. Na zaci sace shi aka yi."

Mahaifiyar ta karɓi gammon, ta duba. Ba ta dake ta ba. Ta ce, "Ba ni za ki ba haƙuri ba. Tashi mu je."

A gindin bedi yarinyar ta durƙusa. "Iya Sakina, Iya Munira, ku yafe mini. Baba, ka yafe mini."

Munira ta tafa hannu. "Kin gani ko, Sakina? Ga aljanar da ta ɗauka, har da hijabinta!"

Sakina ta yi dariya, ta rungume Munira, sannan ta ɗaga yarinyar. "Mun yafe, 'yata. Amma tun da kika riƙe gammo kwana biyu, ranarki ce. Ɗauko bokiti."

Ba su jira safiya ba. Mai Nasara ya sauke itacensa, ya ɗebo musu ruwa da amalanke daga wata unguwa da famfonta ya kawo ruwa. Yarinyar ta ɗora gammon a kanta, ta yi ta kai bokiti har randuna suka cika. Da hannunta ta mayar da shi ƙusar Sakina. Ba a ƙara maganar kwashe randuna ba.

Ranar da za su tafi, mahaifiyarta ta naɗa mata sabon gammo da ragowar shuɗin zanen.

Yara, darasin a fili yake. Idan kun ga abin da ba ku gane ba, ku yi tambaya kafin ku taɓa. Kuma wanda yake son ya tuna da mutumin kirki, aikinsa zai ci gaba da yi, ba kayansa zai ɓoye ba.

Da shekara ta zagayo, ni mai ba ku labarin nan na bi ƙofofin da aka kafa wa ƙusa ɗaya bayan ɗaya, na ƙirga, na rubuta. Ashirin da uku a unguwar Birni. Huɗu a Takieta, inda yarinyar ta kai sabon gammonta.