Baban Auta Yana Gidan Yari

Ranar da malamin dokar laifuka ya kai 'yan aji uku na jami'a ziyara gidan yari, ranar ce Lauya ya fara kallon Auta da kyau. Shi ne sarkin musu a ajin, shi ya sa sunan ya bi shi tun bai gama karatu ba. Ita kuwa ba mai yawan magana ba ce.

A ɗakin koyon ɗinki, wani dattijo ya ɗago kai daga keke, ya gan ta, ya yi maza ya sunkuya. Littafin hannunta ya faɗi. Lauya kaɗai ya lura, shi ya ɗauko mata.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Ba zan tambaye ki komai ba. Kin dai ci abinci?"

Ta rubuto masa: "Babana ne. Direba ne, barci ya sace shi a hanya, mutum biyu suka rasu. Shekara bakwai aka yanke masa. Ya hana ni nuna na san shi a gaban mutane."

"To ni ki nuna mini shi, Autata."

Tun daga nan duk wata tare suke zuwa. Baba yakan yi dariya ya ce, "Wannan mai surutun, da shi ya tsaya mini a kotu, da alƙali ya sallame ni don ya huta."

Da maganar aure ta taso, mahaifiyar Lauya ta ce atafau jikokinta ba za su tashi ana nuna su da baki ba. Auta ta ji, ta daina ɗaga wayarsa, ta sauya kujera a aji. Wata uku tana ramewa.

"Ki yi fushi da ni, amma kada ki hukunta ni kan laifin da ban yi ba," ya rubuta mata. Ta karanta, ta yi kuka, ba ta amsa ba.

Mahaifiyarsa ta tafi gidan yarin da kanta don ta ce wa Baba ya ja wa 'yarsa kunne. Ya saurare ta har ta gama.

"Hajiya, laifin nawa ne, kuma ina biya. Yarinyar nan ranar tana makaranta."

Ta dawo gida da maganarsa a ranta. Bayan kwana biyu ta buga wa Auta waya: "'Yata, ki yafe mini."

Aka sa ranar aure, za a yi bayan Baba ya fito. Saura sati biyar a sallame shi, ciwon ƙirji ya kwantar da shi, bai tashi ba.

Ƙanensa ne ya ba da auren. Da aka kai Auta ɗakinta, kuka ya ƙi tsayawa. Lauya ya riƙe hannunta. Surukarta ta zauna a gefenta ta rungume ta.

"Yi kukanki, ba mai hana ki a gidan nan. Allah ya jiƙan mahaifinki, ku kuma ya ba ku zaman lafiya da zuri'a mai albarka."

Auta ta share ido, a hankali ta ce, "Amin, Mama."