Ƙaramar Tarakta a Gonar Tuffa

Wata Asabar cikin watan Mayu, Solvej ta shiga shagon kayan noma na garin Lemvig da takalmin roba duk laka.

"Tarakta nake nema," ta ce wa saurayin da ke kwance ƙarƙashin wani inji. "Ƙarama, amma ba ta wasan yara ba."

Ya fito yana goge hannu da tsumma. Troels sunansa, dogo, kunnuwansa sun yi ja tun kafin ya buɗe baki.

"Wane aiki za ta yi miki?"

"Ta yanke ciyawa tsakanin itatuwan tuffa, ta ja tirelar itace, in sanyi ya zo ta ture ƙanƙara daga hanya. Ciwon baya ya kwantar da Babana, ni kuwa hannu biyu ne da ni."

"To sai na ga gonar. Ba a ɗinka riga ba a ga mai ita ba."

Ya kawo ta farko ta gwada. Ta zagaya gonar da ita, ta sauko tana yatsina fuska, wai ba ta da ƙarfin hawa tudu. Ta biyu ta hau tudun, ta shige tsakanin itatuwa ba ta taɓa ko reshe ba. Solvej ta san ita ce daidai. Amma in ta ce ta saya, me zai sake kawo shi?

"Kujerarta ta yi tauri," ta ce.

"Kujera kuma, sarkin tsirfa?" Ya yi dariya. "Bari in kawo wata."

Haka rani ya wuce. Ya zo da inji, su sha kofi a kan shinge, ya tafi ya bar ta tana kallon hanya. Wata rana ya aiko mata saƙo: "'Yar tuffa, taraktocin shagonmu sun kusa ƙarewa. Me zan riƙa kawowa in sun ƙare?"

Ta amsa: "Kawo kanka. In gani ko kai ma kana da aibu."

Mahaifinta Vagn bai so abin ba. "Mai talla bakinsa zuma ne," in ji shi. Zuciyarsa na kan maƙwabcinsu Esben, mai gona har bakin teku, wanda ya daɗe yana zuwa da furanni Solvej na sa su a ruwa kawai.

Ran nan Troels ya zo ba ta nan. Vagn ya tare shi a bakin rumbu.

"Yaro, ka huta da wahala. Gonata da ta Esben za su haɗe kwanan nan. Ka gane ai."

Troels ya ɗora injinsa a mota ya juya. Daga ranar bai ƙara zuwa ba.

Tuffa ta nuna, Solvej ta tsinke ta ita kaɗai. Ta kira shi, bai ɗauka ba. Duk motar da ta ji a kan hanya sai ta ɗaga labule. Ta wuce ta gaban shagon ta hango bayansa, ta kasa shiga. Shi kuma ya rubuta saƙo ya goge, ya rubuta ya goge. Taraktar nan ta biyu ya lulluɓe ta a bayan shago, duk wanda ya taya sai ya ce an riga shi.

Da ƙanƙarar farko ta rufe hanya, Esben ya ce zai zo ya ture musu. Ta ce ta gode, ta ɗauki shebur. Da ta gaji ta zauna a kan dakali, ta rubuta wa Troels: "Ta biyun nake so. Tun ranar farko na sani. Ka kawo ta da kanka."

Ya amsa: "Esben fa?"

"Esben me?"

Ya gaya mata yadda suka yi da mahaifinta. Ta shiga gida hawaye na zuba.

"Baba, ni ce gonar da za ka haɗe?"

Vagn ya daɗe yana kallon hannunta da shebur ya kumbura. "Tsoro na ji, 'yata, kada ki ƙare rayuwarki cikin wahala kamar uwarki." Ya share ido. "Kira shi. Ki ce akwai miyar kaza."

Kafin la'asar suka ji ƙarar ƙaramin inji. Troels ne, yana ture ƙanƙara tun daga babban titi, hancinsa jawur. Bai gama kashe injin ba ta riƙe hannunsa.

"Ka rame," ta ce.

"Ke kika jawo."

Aka ɗaura aure a cocin ƙauyen lokacin da tuffa ta yi fure. Har Esben ya zo, shi ya riƙe almakashi da abokan ango suka ɗaga Troels sama aka yanke bakin safarsa, kamar yadda al'adar biki take a can. Vagn ya miƙe da ƙyar, ya dafa kafaɗar angon.

"Ɗana, na so in kore ka, ka ƙi koruwa. Allah Ya ba ku zaman lafiya, Ya sa ku tsufa tare a gidan nan."