Wanda Ya Shigo ta Akwatin Ra'ayi

Magariba ta kawo jiki, autar tela tana zaune a falo da kwamfuta a cinya. Ita ke kula da shafin intanet na shagon babanta. Kwanan nan ta ɗora masa wata 'yar manhaja ta kyauta, mai akwatin da masu sayayya ke rubuta ra'ayinsu. A ranar nan, wani ya bar saƙo a ciki, haruffa cakuɗe da alamomi. Ta buɗe. Fuskar kwamfutar ta ɗauke, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano.

Uwarta ta leƙa tsakar gida. Ba kowa, ko iska ba ta motsi.

Daga nan gidan ya zame musu kurkuku. Rana na sunkuyawa, duk wanda ya nufi ƙofa jifa ke mayar da shi. Masu sayayya suka yi ta kira, wai shafin yana karɓe musu lambar sirri da sunan tela. Auta kuwa idonta na hawaye, bakinta na zagin kowa da wata murya mai kauri.

"Mama, ina jin ki," ta ce da ƙyar. "Ba ni ke motsa bakin ba."

Da hantsi tela ya samu fita, ya ɗauko wani dattijon malami mai ruƙiyya. Malam ya yi ta karatu har wuyan yarinyar ya sandare.

"Ta ina ka shigo?" in ji Malam.

"Ban fasa ƙofa ba," in ji muryar. "Akwati suka ajiye ba mai gadi. Duk abin da aka zuba masa, umarni yake ɗaukarsa. Na rubuta kaina, ita ta buɗe."

"To, fita."

"A bar min akwatin, in bar muku yarinyar."

Tela ya buɗe baki zai amsa, Malam ya riƙe masa hannu.

"Gobe 'yar wani ce za ta buɗe." Ya dubi yarinyar. "Auta, ni ban san injin nan ba. Ke kika ɗora, ke za ki sauke."

Ya ɗaga karatu. Yatsunta suna ƙin ta, uwar ta dafe mata tsintsiyar hannu, a haka ta lallaɓa ta goge manhajar. Ta yi atishawa mai ƙarfi, ta sulale ƙasa.

Da ta farfaɗo, ruwa ta nema. Muryar a dashe, amma tata ce. Uwar ta yi kamar ba ta ji ba.

"Me kika ce? Sake faɗa."