Wutar da Ta Ci Ɗankwalin Auta

A layin karɓar abinci suka fara haɗuwa, ranar farko ta taron matasan Katolika, zamanin da ake kwana a azuzuwan makaranta, kowa da tabarmarsa da kwanonsa. Auta ta mance cokalinta a gida. Wani dogon yaro da ke bayanta ya goge nasa a gefen riga ya miƙa mata.

"Kai kuma da me za ka ci?"

"Ni Allah ya ba ni guda biyar," ya ce, yana nuna mata yatsunsa.

Ta yi ta dariya har Goggonta, yayar babanta, wadda aka ɗauko daga wani gari don girkin taron, ta buga ludayi a bakin tukunya.

"Ku matsa ku ba mutane wuri! Addu'a aka kawo ku yi ko washe haƙora?"

Dogo ake ce masa. Cocinsu ɗaya, shi ke riƙe kaskon turare a bagade, wato teburin ibada na gaban coci, amma sai ran nan Auta ta lura yana da wushirya.

Yammacin ƙarshe aka taru a babban zaure, kowa da kyandir a hannu. Fada, limamin cocin, ya ce a durƙusa, a rufe ido, zai zaga da gurasa mai tsarki, Jikin Almasihu. Dogo na gabansa yana kaɗa turare. Waƙa ta yi ƙasa-ƙasa. Auta, wadda tun rasuwar mahaifiyarta addu'a ba ta wuce leɓenta, ta ji kamar an dafa kafaɗarta an ce, "Ina nan." Hawaye ya ɓalle mata. Ba ta san inda take ba, balle ta ji ɗankwalinta ya kama da wuta.

Sai ƙarar kasko a ƙasa. Dogo ya tsallake benci, ya fizge ɗankwalin, ya murje wutar da tafin hannunsa. Da aka buɗe ido, abin da aka gani ke nan: garwashi a warwatse, yarinya kai ba ɗankwali, yaro a tsaye a kanta.

Shugaban matasa, wanda ke durƙushe a bayanta, shi ya fara magana. Wai Dogo ya bar kallon gabansa yana kallon mace, garwashinsa ya fallatsa mata. Ƙarya ce tsagwaronta, amma mai farar riga da guga ne ya faɗe ta, sai ta zauna. Ranar Lahadi katikis, malamin coci, ya sanar a gaban jama'a cewa an sauke Dogo daga hidimar bagade. Goggo kuwa ta riga ta koma garinsu, tana zaton ma an yi wa yaron godiya.

Auta ta ari wayar yayarta, irin mai maɓallan nan, ta rubuta masa: "Gaskiya ne ni kake kallo?"

Amsa ta zo: "Gaskiya ne."

Ta kife wayar, ta daina gaishe shi. Sai da damina ta wuce wani saƙon ya shigo: "Mai cokalina, kallo na yi, ban ƙona ki ba. Da ban kalla ba, wa zai gani? Kowa idonsa a rufe."

Ta karanta har ta haddace. Ta mayar masa: "Yaya hannun?"

"Ya warke. Zuciyar ce dai da saura."

Shekaru suka tafi. Dogo ya zama mai gyaran lantarki, yana zama a bencin ƙarshe kusa da ƙofa. Auta ta buɗe shagon ɗinki. Da iyayensa suka zo neman aurenta, babanta, kafintan da ya ƙera kowane benci na cocin, ko randa bai bari an buɗe musu ba.

"Yaron da ya raina Jikin Almasihu? Ba a gidana ba. Ga Shugaban matasa nan ya aiko, mutum mai kamun kai."

Auta ta rame. Ana haka Goggo ta zo ganin likitan ƙafa, ta sauka a gidan. Ta dubi yarinyar sama da ƙasa.

"Ke, wa ya mutu?"

Auta ta kwashe labari ta faɗa mata. Goggo ta ajiye kofin hannunta da ƙarfi, ta ƙwala wa ƙanenta kira daga wurin aikinsa.

"Kai, mai guduma! Shekara da shekaru kuna cin naman yaron nan, ba wanda ya tambaye ni?"

"Yaya, ke ai kina wajen girki."

"A bakin ƙofa nake da ludayina! Ni tunda nake ban taɓa rufe ido a addu'a ba. Na bar tukunya a wuta, in rufe ido? Allah ya san ni a haka."

"To Yaya, a bi a hankali..."

"A hankali aka bi da aka kunyata shi? A inda aka ɓata shi, a nan za a wanke shi."

Ranar Lahadi, katikis na cikin sanarwa, Goggo ta miƙe da sandarta.

"Mama, ba lokacin tambaya ba ne," in ji katikis.

"Ba tambaya na zo yi ba, ɗan nan, zauna. Ni ban yi boko ba, amma ido biyu gare ni." Ta juya ta nuna Shugaba da sanda. "Kai! Gyangyaɗi kake yi ran nan ko ba gyangyaɗi ba? Kanka na lilo, kyandir ɗinka ya sunkuya ya lashi ɗankwalin 'yata. Ga bagade can, kalle shi ka ce ƙarya nake."

Shugaba ya dubi bagaden, ya dubi takalminsa.

"Tsoro na ji," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "A gafarce ni."

"Ba ni za ka roƙa ba. Ga shi can a baya, inda kuka jefa shi."

Fada, wanda yanzu furfura ta cinye kansa, ya sauko da kansa har bencin ƙarshe. Ya kama hannun Dogo, ya buɗe tafin, ya daɗe yana kallon tabon.

"Ɗana, mun yi maka laifi. Kaskonka na jiranka."

Da aka tashi, sai baban Auta ya tare Dogo a bakin ƙofa.

"Ka ce wa iyayenka su dawo. Akwai ruwa a randa."

Da yamma saƙo ya shigo wayar Auta: "Mai cokalina, har yanzu ba ki maido mini da kayana ba."

Ta mayar masa: "Sai dai ka zo ka ci da shi a ɗakina, Dogona."

Ranar ɗaurin auren an cika cocin da kyandir, amma Goggo ta sa an kwashe na bayan amarya kaf. Fada ya ɗaga hannu ya ce a rufe ido a sa musu albarka: Ubangiji ya zaunar da su lafiya, ya ba su 'ya'ya masu tsoronsa, ya tsare su daga bakin mutane. Jama'a suka amsa da amin.

Auta ta ɗan buɗe ido ɗaya. Ango na kallonta, wushirya a waje. Can gefe kuma ga Goggo, ido tar, tana share hawaye da bakin zane.

"Kalle ta da kyau, ɗan nan," ta ce, yadda har bencin ƙarshe sai da aka ji. "Yau ba mai sauke ka."